KWAMFUTA A MAKARANTUN ZAMFARA: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk malamin da ya taɓa raka ɗalibansa daga Tsafe ko Bunguɗu zuwa Gusau don zana jarrabawar JAMB ya san irin abin da yakan faru. Yaro ne ya kwashe shekara shida a sakandare, ya haddace abin da aka ba shi, amma ranar jarrabawa ita ce ranar farko da ya zauna gaban kwamfuta. Sai ka ga gumi ya keto masa, hannu na rawa, yana laluben inda zai danna alhali agogo na tafiya. Tambayoyi 180 ne a cikin awa 2. Wanda ya ɓatar da rubu'in awa yana kokawa da na'ura ya riga ya yi asarar makin da ba jahilci ne ya jawo masa ita ba.

Wannan al'amari ba jiya ya fara ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta jingine fensir da takarda, ta koma kwamfuta kacokan. A 2024 hukumar WAEC ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa daga waje, sannan a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana aniyar gwamnati ta mayar da WAEC da NECO kan wannan turba. Ke nan ƙofar shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, da ma sauran manyan makarantu, ta koma bayan allon na'ura. Ko muna so ko ba ma so, ta nan za a bi.

To, abin tambaya a nan shi ne, mene ne matsayin wannan na'ura a sha'anin karatu? Mutanenmu sun kasu biyu. Akwai masu ganin waya da kwamfuta ba su da wani aiki sai lalata tarbiyya, akwai kuma masu zaton da zarar an jibge kwamfutoci a aji shi ke nan ilimi ya samu. Mu dai a ganinmu duka ɓangarorin sun kauce, kuma abin da ya faru a jihar nan a 2021 ya isa hujja.

Mai karatu zai tuna cewa ranar 1 ga Satumba ta wannan shekara 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai 73 a sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, watanni kaɗan bayan abin da ya auku a Jangebe. Nan take gwamnati ta rufe makarantu. Kwana biyu bayan haka aka katse layukan waya a faɗin jihar. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma su Tsafe da Bunguɗu sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon waɗannan makonni babu aji, babu intanet. Wanda duk karatunsa ke rataye a WhatsApp da YouTube ya wayi gari hannu rabbana. Wanda kuwa yake da littafi a ɗaki, da wani yaya ko malami a unguwa da zai zauna gabansa, karatunsa bai tsaya ba. Darasin a fili yake: malami ne tushe, littafi na biye, sannan na'ura ta zo ta yi musu hidima.

Kai hatta ƙasashen da suka fi mu wuta da kuɗi sun gano haka. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare ɗaruruwan dubban kwamfutoci, amma da aka zo bincike a 2012 sai aka tarar lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru da komai ba, saboda ba a shirya malaman ba. A 2023 ƙasar Suwidin ta ware kuɗi don mayar da littattafan takarda cikin azuzuwa bayan shekaru tana fifita allon na'ura. Mu ma nan gida mun ga zamanin kaset. Ya kai karatun malamai lungu da saƙo, ya kuma amfanar, amma ba mu taɓa jin wanda ya zama malami da sauraron kaset kaɗai ba.

Saboda haka kiranmu na farko ga mahukunta ne. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023. To, ma'aunin nasarar wannan doka shi ne abin da yaron ƙauye ya iya. Ɗakin kwamfuta da aka garƙame saboda babu wuta, ko don tsoron kada yara su ɓata kayan, da shi da babu duk ɗaya ne. A fara da horar da malami, a sa sola, a kuma tabbatar kowane ɗan aji shida ya zauna gaban na'ura sau da yawa kafin ranar jarrabawa.

Kira na biyu kuwa, wanda shi ne ya fi damunmu, gare ku ne ya ku matasa. Kada ku zauna jiran gwamnati. Da yawanku wayar da ke aljihunku ta fi ƙarfin kwamfutocin da ake tinƙaho da su a ofisoshi lokacin da aka ƙirƙiro jihar nan a 1996. Kowa ya tambayi kansa tsakani da Allah, datar da ya saya a makon jiya, nawa ta tafi a karatu, nawa ta tafi a kallon TikTok da musun ƙwallo? Idan an samu sabis a sauke littafi da tsofaffin tambayoyi a ajiye, abin da ya fi muhimmanci kuma a kwafe shi da biro, domin ba wanda zai katse abin da ke cikin ƙirji.

Sannan wanda ya iya, ya koya wa ƙannensa. Abin fa bai kai yadda ake tsoronsa ba. A jarrabawar JAMB haruffan A, B, C da D su ne na zaɓen amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa aiki. Ɗan'uwa ɗaya mai kwamfutar hannu, in ya ware yammacin Asabar da Lahadi a zauren unguwarsu, zai iya cire wa yara masu yawa wannan fargaba kafin shekara ta zagayo. Ɗaliban jami'a da na Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe da ke dawowa hutu, wannan nauyi yana wuyanku, domin ku ma wani ne ya nuna muku.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda yake da ƙane a aji shida, to daga wannan mako ya kamata ya fara zaunar da shi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a jiharmu. Amin.