Kiɗa da wa'azi: ina iyakar take?

Wanda ya ratsa tashar motar Gure ranar kasuwa zai ji muryoyi iri biyu suna fita daga wayoyin samari: ta mai wa'azi da ta mawaƙi. Sau da yawa kati ɗaya ne ke ɗauke da su duka. Wasu malamai na cewa wannan gami ɓarna ce. To, sai dai gardamar ta girmi wayar salula, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ake yin ta ba.

A Amurka, cikin majami'un baƙar fata ne kiɗan zamani ya sha nono. Ray Charles ya ɗauki karin waƙar coci a 1954 ya ɗora masa kalaman soyayya, limaman coci suka yi ca a kansa. Sam Cooke ya bar waƙar ibada a 1957 ya koma ta duniya. Aretha Franklin kuwa ɗiyar wani mai wa'azi ce na birnin Ditroyit, a gabansa ta koyi ɗaga murya. Shi ko fasto Jimmy Swaggart, wanda ya yi shekaru yana tsine wa kiɗan samari a talabijin, ɗan uwan mawaƙi Jerry Lee Lewis ne, shi kansa gwanin fiyano ne. A 1988 asirinsa ya tonu da wata karuwa, ya fito gaban mabiyansa yana kuka.

A nan ƙasar Hausa, tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ake wa'azi da waƙa. Ɗiyarsa Nana Asma'u da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauye ta hannun ƴan taru. Makaho Aliyu Namangi na Zariya ya bar mana Imfiraji, almajirai na rera ta har yau. Ke nan ba a kan waƙa aka saɓa ba, a kan ganga ne. Ƴan Ƙadiriyya na Kano suna zikiri da bandiri. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ce bidi'a ne. Wannan saɓani ya ƙetaro iyaka, ya shiga Maraɗi da Damagaram, ya raba masallatai, wani wurin har ɗa da uba. Makaɗa ne suka fara ji a jikinsu, don an rage kiran su biki. Amma ƙasar nan ta gabas ce ta haifi marigayi Malam Mamman Barka na Taskar, malamin makaranta da ya kai gurumi da biram har Turai, ya rasu a 2018.

Abin da ya kamata ma'aikatan hukuma su duba shi ne inda wutar ke tashi. A watan Nuwamba na 2000 an yi tarzoma a Yamai da Maraɗi saboda bikin nunin tufafi na FIMA. Ranar 16 ga Janairu 2015, bayan sallar Juma'a, aka ƙone coci-coci da gidan al'adun Faransa a Damagaram, aka rasa rayuka. A Yuni 2019, da aka kama wani limami a Maraɗi kan sukar dokar tsara sha'anin ibada, an sake cinna wa wata coci wuta, kwanaki kaɗan kafin majalisa ta amince da dokar. Duk cikin waɗannan, ba a ji an ce kalangu ne ya tara jama'a ba.

A Kano kuwa an bi wata hanya: a watan Agusta na 2020 kotun shari'a ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif Aminu hukuncin kisa saboda wata waƙa, kafin babbar kotu ta soke hukuncin a 2021, ta ce a sake shari'a domin an yi ta ba shi da lauya. Gidan iyayensa kuwa, tun kafin alƙali ya zauna taron mutane ya riga ya ƙone shi.