Ra'in da ba ya iya faɗuwa

A kundayen kammala karatu na sashen kimiyyar harshe, babi na biyu kusan kullum na “ra'in da aka ɗora aiki a kai” ne. Ɗalibi ya zaɓi ra'i, ya zuba masa misalai, misalan duka su yi daidai, a yi masa tafi. Da wuya a ji wani cikin alƙalan ya tambaya: wane misali ne da an same shi zai rushe wannan ra'in?

Wannan tambaya ita ce zuciyar littafin da Karl Popper ya fitar a Biyana a 1934. A ganinsa, yawan misalan da suka goyi bayan ra'i ba shi ke mai da shi kimiyya ba. Sai ra'in ya haramta wani abu, ya ce kaza ba zai taɓa faruwa ba, ya kuma yarda a je a duba.

Kimiyyar harshe tana da nata misali, ba sai an aro na masana taurari ba. Ferdinand de Saussure yana da shekara 21 ya wallafa nazarinsa kan wasulan harsunan Indo-Turai, mai ɗauke da shekarar 1879. Ya ce tsarin wasulan ba zai daidaita ba sai idan uwar harsunan tana da wasu sautuka da suka ɓace, suka bar sawunsu a tsawon wasali da launinsa. Babu harshe ko guda da aka sani a lokacin mai waɗannan sautuka, kuma manyan masanan Jamus ba su yi maraba da batun ba. Ya rasu a 1913. A 1915 Bedrich Hrozny ya warware harshen Hitti daga allunan yumɓu da aka tono a Turkiyya, sannan a 1927 Jerzy Kurylowicz ya nuna cewa wani baƙi na Hitti yana fitowa a guraben da Saussure ya yi hasashe. Allunan suna iya ƙaryata shi. Darajar hasashen ke nan.

A kwatanta da rigimar harshen Piraha na Barazil. A 2002 Hauser da Chomsky da Fitch sun ce cusa tsari cikin irinsa ba iyaka shi ne ginshiƙin baiwar harshe ta ɗan Adam. A 2005 Daniel Everett ya ce Piraha ba ya yin haka. Wasu sun koma ga bayanansa suna jayayya da shi, kuma wannan aikin kimiyya ne sosai. Amma amsar da ke cewa baiwar tana nan ko da harshe bai yi amfani da ita ba, ta kuɓutar da ra'in ne ta hanyar rufe ƙofar gwaji.

Ba kowane gyara ne gudun gwaji ba, kuma a nan ma'aunin Popper ya yi tsauri. Dokar Klingenheben ta ce wasu baƙaƙe suna raunana a ƙarshen gaɓa: talaka, talauci, ɓakane, ɓauna. Mutumin Tawa kuwa zamna yake cewa, da sabka, inda Bakano ke cewa zauna da sauka. Ba a yar da dokar ba, an dai ja mata iyaka a fili: ɓangaren sautukan leɓe bai kai karin harshen yamma ba. Iyakar kanta abin gwadawa ce. Ɗalibin da ke da na'urar ɗaukar murya da kuɗin mota yana iya bin kasuwanni daga Damagaram zuwa Ƙonni, ya gano garin da zauna ke komawa zamna.