Suna a Jikin Allo Ba Shi Ne Manhaja Ba: Magana Kan Makarantun "Intanashinal"



Duk lokacin da yara suka kammala firamare, magana ɗaya ce ke yawo a majalisu da gidajen suna: wace makaranta za a kai su? Yanzu kuma an samu wata kalma da ke rufe bakin kowa. Da mai makaranta ya ce tasa "intanashinal" ce, tana bin manhajar Ingila, sai uba ya daina tambaya ya fara lissafin buhun shinkafa nawa zai sayar. Mu dai mun ce a dakata. Yaro ɗan shekara 11 zuwa 14 ba abin gwaji ba ne, kuma kuɗin nan da gumi aka same shi.

Bari mu fara da faɗin mene ne manhajar ƙasa da ƙasa, domin akwai ta da gaske. Akwai ƙungiyar IB da aka kafa a Janeba ta ƙasar Suwizalan a 1968. A 1994 ta fito da tsarin da ake kira MYP domin yara 'yan shekara 11 zuwa 16, mai rukunin darussa takwas. Akwai kuma tsarin Cambridge na Ingila, wanda ke da matakin 'yan shekara 11 zuwa 14, daga nan yaro ya nufi jarrabawar IGCSE. Dukansu biyu ba a shigarsu da baki. Sai an duba makaranta, an ga malamanta da kayan aikinta, sannan a yi mata rajista. IB tana wallafa sunayen makarantun da ta amince da su a intanet, kowa na iya dubawa. Makarantar da ke da rajistar Cambridge kuwa tana da lambar cibiya.

To tambayarmu ga duk mai allon da ya rubuta wannan kalma mai sauƙi ce: ina takardarka? Ina lambarka? Malaminka na lissafi, a ina aka horar da shi kan wannan manhaja, kuma nawa kake biyansa a wata? Idan amsar ita ce an sayo littattafai masu hoton dusar ƙanƙara daga Kano, an ɗinka wa yara kwat da laktaye a zafin watan Afrilu na Gashuwa, to wannan ciniki ne da suna. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɓarnar da ake yi wa yaron. A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, jarrabawar BECE ce ke jiransa. Bayan shekara uku kuma ga WAEC da NECO da JAMB. Duk waɗannan a kan manhajar Najeriya aka gina su, wadda hukumar NERDC ke tsarawa. Yaron da aka raba shi da manhajar gida, ba a kuma ba shi ta wajen yadda take ba, ya yi biyu babu. Sai ka ga an tara kuɗin "taimako" ranar jarrabawa, a koya masa satar amsa tun bai balaga ba.

Za a ce mana: ashe ba kwa son 'ya'yanmu su yi gogayya da na duniya? Muna so ƙwarai. Shi ya sa muka duba abin da manhajar ta ƙunsa. MYP tana son yaro ya yi tambaya, ya bincika abin da ke kewaye da shi, ya yi wani aiki da zai amfani al'ummarsa. Tana buƙatar ya karanci harsuna biyu, tana kuma ƙarfafa riƙe harshen uwa. Ku kwatanta wannan da makarantar da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa ko Badanci ko Barbarci a filin wasa, wai da sunan wayewa. Masu manhajar ma ba su ce haka ba.

Kuma wa ya fi mu kayan wannan irin karatu? Kogin Yobe na bakin ƙofarmu. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi a Dagona suke sauka. Fadamar Haɗeja da Nguru sananniya ce a duniya, masana na zuwa daga nesa don nazarinta. Me zai hana malamin kimiyya ya kai 'yan aji biyu su ga yadda ciyawar kacalla ke toshe hanyoyin ruwa? Me zai hana a koya musu yadda madatsun Tiga da Challawa da ke Kano suka sauya ruwan da ke iso mana, su tambayi masunta da manoman shinkafa abin da suka gani da idonsu? Ciwon ƙoda da ya addabi garinmu, shi kaɗai ya isa a gina darasin ruwan sha da tsafta a kansa. Yaro ya auna, ya rubuta, ya tsaya gaban iyaye ya yi bayani. Wannan shi ne zuciyar abin da ake sayarwa da dala, kuma ba ya buƙatar dala.

Ba mu wanke makarantun gwamnati ba. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole har ƙarshen ƙaramar sakandare, kuma a 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yobe. Amma muddin aji ya cika maƙil, malami ɗaya na fama da yaran da ba zai iya riƙe sunayensu ba, iyaye za su ci gaba da gudu zuwa ga duk mai allo mai kyau. Rashin gyara can shi ke ciyar da yaudarar nan.

Don haka ga kiranmu. Iyaye, kafin ku biya ko sisi, ku nemi ganin takardar rajista, ku shiga aji ku zauna, ku buɗe littafin yaron da ya shekara a makarantar. Ma'aikatar ilimi ta jiha ta hana kowa rubuta abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Malaman Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da na Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, 'ya'yanmu ne da 'yan'uwanmu, su ware ko da Asabar ɗaya a wata su zauna da malaman ƙananan sakandare. Masu makarantun da ke aiki tsakani da Allah kuwa, ku cire kalmar da ba taku ba, aikinku zai yi muku talla.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.