Sai Kano ta tafa sannan mu ji?

Akwai wata magana da ba ta ƙarewa a majalisunmu na Ƙofar Marusa. Da an sa waƙar wani yaro da ke tashe, sai wani ya gyara zama ya ce, "Wannan? Ai na san shi tun ba ya da takalmi." Wani ya karɓe, ya ce a gabansa yaron ya fara, a bikin ƙanwar wane. Ba na ƙaryata su, da yawansu gaskiya suke faɗa. Abin da nake tambayarsu shi ne, a lokacin da kuka san shi ɗin, me kuka yi masa? Kun tsaya kun ji waƙar har ƙarshe? Kun liƙa masa ko naira hamsin? Galibi a nan hirar kan koma kan ƙwallo.

Sana'ata ce ta sa abin yake damuna. Da kaset na fara, da kaset ya mutu na koma faifan CD, yau kuma ina zaune gaban kwamfuta ina tura wa mutane waƙa a memori, cikin waɗanda ake kira 'yan dawunlodin. Mai wannan aiki yana ganin mawaƙi a lokacin da ba wanda ke son ganinsa. Kuma abin da na gani shi ne, mu Katsinawa muna da kunne, amma ba mu yarda da kunnenmu ba. Mukan jira Kano ko Kaduna su ce abu ya yi, sannan mu tuna ɗanmu ne.

A dubi Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923. Kafin duniya ta san shi, tallan goro da alewa ya yi, kuma a dandali ya fara waƙa cikin samari da 'yan mata, mahaifinsa ba ya so. Daga nan ya zauna Bakori. Sai a 1952, a bikin 'yan sarki a Kano, sunansa ya fara cika ƙasa, yana dab da shekara talatin. To, duk shekarun da suka gabaci wannan biki, su wa ke saurarensa? 'Yan matan da ke yi masa amshi da tafi, da 'yan kasuwar ƙauye, da masu kalangun da suka yarda su bi shi tun babu abin rabawa. Su suka nuna masa inda waƙa ke kama jiki da inda take sanyi, domin in baiti bai yi ba, dandali watsewa yake yi. Digirin girmamawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 ya dace da shi, amma jarrabawar tun a Musawa aka yi ta. Haka Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013. Matan cikin gida na Funtuwa sun daɗe da sanin amadarta a bikin aure da suna kafin maza su fara jin ta a rediyo.

Abin da ya fi yi mini ciwo game da Shata shi ne, muryarsa ta dandali ta tafi. Babu mai na'urar ɗaukar murya a Musawa a wancan zamani, don haka ba laifin kowa. Marubuta irin su Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, da suka fitar da littafin Shata Ikon Allah, sun bi tsofaffi sun tattara labarin, Allah ya saka musu. Amma labarin murya daban, muryar daban. Mu kuwa yau kowane aljihu da rikoda a ciki, ba mu da uzurin mutanen da.

Wani dare bayan isha'i wani matashi mai tuƙa keke napep ya tsaya a bakin shagona, ya jira har mutane suka ragu. Ya ciro memori daga cikin takardar da ya naɗe, ya ce, "Baba, don Allah in kana tura wa mutane ka riƙa sa tawa a ciki. Ba sai an ba ni komai ba." Adashe ya ɗauka ya biya situdiyo. Na sa waƙar, sai na ji inji ya shafe muryar, ta zama irin ta kowa. Na ce, "Ɗana, kashe wannan, yi mini da bakinka." Ya ɗan ji kunya, ya dubi titi, sannan ya fara, yana buga gefen teburina da 'yan yatsu. Waƙa ce a kan mutanen ƙauyensu na wajen Batsari da 'yan bindiga suka tasa, suka shigo birni suna kwana a kangaye. Ya ambaci rumbun da aka bari cike, ya ambaci tsohuwar da ta ƙi hawa mota. Mai shayin da ke gefena ya tsaya da buta a hannu har yaron ya kai ƙarshe.

Na riƙa saka waƙar a memorin mutane. Wasu suka dawo suna cewa, "Malam, wane ne wannan kuma? Goge mini, cika mini da na Kano." Ban ce waƙar ba ta da aibi ba, amshinta ya yi tsawo, kiɗan kuma aro ne. Amma masu cewa a goge ba su kai ga jin aibin ba. Sunan ne ba su sani ba.

Na san abin da za a ce mini: mafi yawan yaran nan ba su iya ba. Gaskiya ne, ni na fi kowa sani, don ni ke jin su. Akwai mai kwaikwayon Umar M. Shareef har numfashinsa, akwai wanda bai san ƙafiya ba balle ma'ana. Akwai kuma iyayen da ke ganin waƙa roƙo ce, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Sai dai wanda bai iya ba, ta ina zai gane in ba a saurare shi an faɗa masa ba? Dandali ya kan yi wannan aiki a da. Yanzu yaro daga ɗakinsa sai situdiyo, daga situdiyo sai TikTok, babu dattijon da ya ce masa wannan baitin ya karye. Wanda kuma ya iya, in garinsu ya yi shiru, sai ya nufi inda ake biya. Tun da Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja, ya yi fice da waƙoƙin zaɓen 2015, yara da yawa suka ɗauka ƙofar arziki ɗaya ce, waƙar ɗan takara. Ba na ganin laifin yaron da ke da haya a kansa. Amma mai waƙar rumbun da aka bari cike, in ya koma jera sunayen 'yan takara, mun yi asarar abin da babu mai maido mana.

Kada kuma a raina abin da kunnen talaka ke iya yi. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita da hagu, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin injin gyaran muryar da mawaƙan fim ɗinmu ke amfani da shi. Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi, ta memori da Bluetooth, har suka faɗa hannun wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya sa ɗaya a cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Yau Mdou Moctar na wasa a Amurka da Turai. A can sukan ce Kirkley ne ya gano shi. Ni kuwa na ce direbobi da samarin da suka ga waƙar ta cancanci gurbi a 'yar memorinsu, su suka gano shi. Ko Hamisu Breaker, da waƙarsa Jaruma ta cika gidaje a lokacin kullen korona na 2020, ya daɗe yana waƙa kafin nan, kuma akwai masu neman waƙoƙinsa a shaguna irin nawa tun kafin matan aure su fara taka rawarta a bidiyo.

Mai zuwa bayan suna ya fito kamar mai zuwa gona ne ranar girbi. Ana maraba da shi, amma kada ya ce da shi aka yi noma. Haka nan wanda ya taimaka tun farko, kada ya mai da abin bashi, yana bin mawaƙi da cewa ya manta da mutane. Ka ji waƙar ka ji daɗi a lokacin, an biya ka.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Gidajen rediyon da ke Katsina su ware ko rabin awa a mako don waɗanda ba a sani ba, kuma kyauta. Wannan yaro mai keke ya gaya mini ya kai waƙarsa wani gida aka nemi kuɗin da ya fi abin da yake samu a mako. Ɗaliban Hausa masu rubuta kundi, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauransu, Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun samu masu yi musu hidima, ku shigo unguwa ku nemi masu rai. A cikin lungunanmu akwai tsofaffin mata masu amada da har yanzu in suka kifa ƙwarya a kan ruwa suka ɗauki 'yan sanduna, sai ka ga surukai sun manta da kunya. An daina kiransu biki saboda DJ ya fi sauƙi, 'yan amshinsu kuma suna ta raguwa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha za ta iya ɗaukar muryoyinsu da waya ɗaya da mace ɗaya da za a bari ta shiga cikin gida. Mai aurar da 'ya kuma, in ya ware kuɗin DJ, ya ware wani abu ya kira ta unguwarsu.

Ni dai a kwamfutata na buɗe wuri na musamman na sa masa suna "Na gida". Duk wanda ya zo turi ina zuba masa daga ciki ba tare da ƙarin ko sisi ba, in ya ce a goge in roƙe shi ya ji ɗaya tukuna. Duk yaron da ya kawo waƙa ina karɓa, da sharaɗin ya yi mini ita da bakinsa in ɗauka, ya faɗi sunansa da unguwarsu da shekarar da ya yi ta.