Farfaɗiya da Maginan Ƙwaƙwalwa

A ƙauyukan Sandamu da Baure da Mai'aduwa, idan yarinya ta yanke jiki ta faɗi tana kumfar baki, kalmar da kan fara fitowa daga bakin dangi ita ce iska. Sai hayaƙi da turare su biyo baya, a janye ta daga makaranta, wani lokaci har maganar aurenta ta lalace. Iyayen ba su da laifi sosai, domin bayanin da ya fi wannan ƙarfi bai iso musu da Hausa ba.

Tun a 1890 masanin Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, ya lura cewa jijiya mai tsirowa tana da kai mai laluben hanya, tamkar yaɗon kabewa. Abin da ke tura kan nan gaba zaruruwa ne na wani furotin mai suna aktin, ana ƙara su ta gaba ana warware su ta baya. Aktin kuwa yana da mataimaka masu kama shi. Furofilin ne ke miƙo sababbin tubala, kofilin ya datse tsohon zare, filamin kuma ya ɗaure zaruruwan su zama raga, yadda magini ke jera azara kafin ya ɗora ƙasa. Da irin wannan aiki ƙwayar jijiya ke rarrafowa daga tsakiyar ƙwaƙwalwar ɗan tayi zuwa ɓawonta. A 1998 masu bincike a Amurka suka nuna cewa idan filamin A ya samu tangarɗa ta gado, wasu ƙwayoyin kan maƙale a mafarin tafiya, su dunƙule, daga baya su haifar da farfaɗiya, galibi ga mata.

Wannan nau'i ba shi da yawa. A ƙasar Daura an fi tsoron abin da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da doguwar naƙuda ke bari a ƙwaƙwalwar yaro. Amma misalin filamin yana nuna wa uwa cewa ciwon yana da gurbi a jiki, yana da sanadin da ake iya gani.

Saboda haka ya dace malaman Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su zauna da likitoci su daidaita waɗannan kalmomi, su miƙa su ga ma'aikatan asibitocin karkara da gidajen rediyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su daina faɗuwa idan suka samu magani daidai, alhali a ƙasashe matalauta kusan kashi uku cikin huɗu ba sa samunsa.