Idan Ɗanki Mai Galahanga Zai Ga Likitan Haƙori

 

Kwanakin baya wata baiwar Allah, mahaifiyar wata ɗalibata, ta tsayar da ni bayan an tashi daga Islamiyya. Ɗanta mai shekara bakwai yana da larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, kuma ba ya magana sosai. Sati biyu yana ƙin abinci, yana dukan kumatunsa, ba ya barci. Dangi suka ce iska ce. Ashe kogo ne a haƙorinsa har ya ɗuri ruwa. Da aka je asibiti sai da mutum uku suka danne shi. Ta ce min, "Malama, tun daga ranar ko mai farin kaya ya gani sai ya ruga." Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna batun a wannan wata.

Uwargida, ki sani ba taurin kai ba ne. Da yawa daga cikin yaran nan haske da ƙara da wari da taɓa jiki suna damunsu fiye da yadda suke damunmu, kuma ba sa son sauyi ba zato. To ki dubi ɗakin likitan haƙori: ga fitila a saitin ido, ga ƙugin inji, ga warin magani, ga baƙo da takunkumi a fuska yana sa masa hannu a baki.

A shekarar 2023 masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da asibitin yara na Los Anjalis a Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da yara 162 masu wannan larura, 'yan shekara 6 zuwa 12. Kowane yaro an wanke masa haƙora sau biyu: sau ɗaya a ɗakin da aka saba, sau ɗaya a ɗakin da aka rage haske, aka sa sauti mai taushi, aka lulluɓe shi da mayafi mai ɗan nauyi. A ɗaki na biyu firgicin yaran ya ragu a fili. Kin ga kenan yawancin abin ba kuɗi yake buƙata ba, dabara ce.

Shiri daga gida yake farawa. Tun saura sati biyu ki riƙa wasan likita da shi kullum na minti kaɗan. Ki kwantar da kansa a cinyarki, ki ce ya ce "aa", ki haska tocila, ki ƙirga haƙoransa da bayan cokali. Ya fara ganin an yi wa yayansa ko babansa. Ki nuna masa hotuna a jere: ga mota, ga ƙofar asibiti, ga kujera, ga dawowa gida. Kada ki ce masa unguwa za a je, domin idan ya gane an yaudare shi, gobe ba zai yarda ba.

Sannan ki je ke kaɗai ko maigida ya je ya ga likita tukuna. A gaya masa abin da yaron ke tsoro, abin da ke kwantar masa da hankali, da magungunan da yake sha. Wannan na da muhimmanci, domin wasu yaran suna da farfaɗiya, kuma cikin magungunanta akwai mai kumbura dasashi. A roƙi a gan shi da farko da safe, don zaman layi kaɗai kan ƙarar da haƙurinsa. In da hali, zuwan farko ya zama na gaisuwa kawai: ya hau kujera, ya sauka, a tafi.

Ranar zuwa ki tafi da tabarau mai duhu, da abin toshe kunne, da abin wasan da ya saba da shi, da bargonsa. Ki roƙi likita ya faɗi abin da zai yi, ya nuna a hannun yaron, sannan ya yi. Mutum ɗaya ya riƙa magana, a taƙaice. Ku ƙirga zuwa goma, a huta, a ci gaba. Idan ya birkice a dakata, gara a dawo wata rana da a danne shi. In aikin babba ne, likita kan ba da shawarar a sa shi barci a asibitin da ke da ƙwararru. Amma kada ki ba shi maganin barci da kanki.

Rigakafi kuwa ya fi magani. A goge baki sau biyu a rana, minti biyu, da burushi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, kamar ƙwayar wake ƙarama ga ɗan shekara 3 zuwa 6. In ya ƙi burushi, ki fara da tsumma mai tsafta a yatsa, ko asuwaki mai laushi, wanda dama sunna ce. Ki rage alawa da lemon kwalba, kuma ki kuskure masa baki bayan maganin ruwa mai zaƙi. Ki lura da turamen da ke fitowa can ciki wajen shekara 6: na dindindin ne, ba a famfararsu.

'Yar uwa, in ya yi ihu a asibiti mutane suka zuba miki ido, kada ki ji kunya. Amana ce Allah Ya ba ki, kuma haƙurinki yana rubuce. Mu kuma da muke gefe, mu bar tsegumi, mu riƙe mata jaka ko mu ba ta layinmu.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.