Agogon aljihu ya dawo, amma ƙarfe nawa?

Ku ara mini minti uku, akwai abin da ke cina a rai.

Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla a Masallacin Gwallaga, na yi kiciɓis da wani ɗan ajinmu. Ya sha farar shadda, ya kafa zanna, ga sarƙa tana reto daga aljihun gaba. Agogon aljihu ne, irin wanda samari ke yayi tun da aka fara kallon Peaky Blinders. Wayata ba caji, sai na ce masa, "Mutumina, ƙarfe nawa?" Ya buɗe murfin cikin ƙasaita, ya duba, ya yi 'yar dariya, sannan ya zaro waya. Ashe batirin ya mutu tun kafin hutu!

Kada ku fahimce ni a baibai, ni ma ina son abin. Ya dace da kaftani da babbar riga, tunda dama aljihun yana nan a ƙirji. Damuwata ita ce mun ɗauko sarƙar mun bar lokacin.

Agogon nan asalinsa kayan aiki ne. Shekaru aru-aru shi ne agogon maza a Turai, na hannu kuwa ana masa kallon adon mata. Sai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, sojoji suka koma ɗaurawa a hannu, don mai riƙe da bindiga ba shi da sararin laluben aljihu. A Amurka, a 1891, jiragen ƙasa biyu sun yi karo a jihar Ohayo, aka danganta haɗarin da agogon da ya tsaya na minti huɗu. Bayan nan aka tsaurara doka kan agogon ma'aikatan jirgi. Minti huɗu fa, jama'a.

Ba sai mun je nesa ba. Ku leƙa asibiti ku ga ƙaramin agogon da wasu nas-nas ke maƙalawa a gaban riga. A kife yake, don in ta ɗago shi ta karanta daidai. Da shi take ƙirga bugun jini, hannunta kuma ba komai saboda yawan wankewa. Wannan shi ne agogo sarkin aiki.

Mu fa? Lakcar ƙarfe takwas sai takwas da rabi muke shiga muna sanɗa. Motar Gubi ta tashi ta bar mu a Yelwa, mu hau ƙorafi. A sa taron ƙungiya ƙarfe huɗu, shugaban da kansa ya iso dab da magariba, sarƙa na walƙiya a ƙirji. Haba!

Sannan ga batun kuɗi. Yawancin waɗanda ake tallatawa a intanet ba tsofaffi ba ne. Sababbi ne masu batir, an yi musu fenti kalar tagulla don su yi kama da na da. Wata biyu fentin ya koɗe. Mutum yana cin garau-garau sau ɗaya a rana, ya kwashi kuɗin handawut ya sayi wannan don hoton dina ɗaya? Gaskiya da sake.

Ni da na je gida, Hajiyarmu ta buɗe adakar marigayi kakanmu ta ciro nasa. Ba ya amfani da batir, kullum da safe ake murɗa masa kai. Ta ce da shi Malam yake duba lokacin fita masallaci, kuma bai taɓa bari ya tsaya ba. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a wajen Wunti. Ya maƙala madubinsa a ido, ya wanke cikin, ya ɗiga mai, sai ga shi yana bugawa. Ya ce mini, "Yaro, yanzu sai in wuni ba wanda ya kawo irin wannan."

To ga shawarata. Kafin ka saya, tambaya a gida. In an samu, kai gyara, dattijon nan ma ya samu na cefane. In sabo ka saya, ba laifi, amma sa masa batir. Kuma duk wanda ya rataya sarƙa, ya riga kowa zuwa aji.

In kun gan ni ranar Litinin, ku tambaye ni ƙarfe nawa. In na zaro waya, na yarda ku yi mini ihu.